Na sa 'yata a ƙungiyar haɗa robot ta makarantarsu, ga abin da na gani

Wani ɗan uwa da muke sallar Juma'a tare a nan Columbus ta jihar Ohio ya tare ni a bakin masallaci, wai yaronsa ya kawo masa fom na ƙungiyar haɗa robot ta makaranta, ya sa hannu ne ko ya ƙyale, don ya ji an ce abin cin lokaci ne da kuɗi kawai. Na ce masa maganar ta fi ƙarfin tsayuwar bakin ƙofa, bari in zauna in rubuta don na san ba shi kaɗai ba ne, iyayenmu da yawa a Amurka suna ganin takardar nan su ajiye ta saman firij har ta ɓace.

Amsata a taƙaice ita ce ka sa hannu, amma ka san abin da kake sa wa hannu. In za a ba da tauraro biyar ni huɗu zan ba su, kuma zan faɗi inda ɗayan ya maƙale.

Shirin sunansa FIRST Robotics Competition. Wani injiniya Dean Kamen ne ya kafa ƙungiyar FIRST ɗin a 1989 a garin Manchester na jihar New Hampshire, gasar farko kuma a 1992 aka yi ta a ɗakin wasannin wata sakandare da ƙungiyoyi 28 kacal, yanzu kam dubbai ne. 'Yata ta shiga a kakar 2024 tana aji 10. Ni a Kano walda da gyaran janareta na yi kafin in taso, to da ta ce robot na ɗauka irin 'yar motar wasan yara ce mai rimot, sai da na shiga ɗakin aikinsu na ga abu mai nauyin da ƙa'idar shekarar ta yarda ya kai fam 125, wajen kilo 57 ke nan, ban da batir da katifar da ake zagaye shi da ita saboda karo. Batirin kansa mai volt 12 ne, irin wanda muke sa wa babur ko ƙaramin UPS, kuma wasa ɗaya ko biyu ake canza shi.

Ranar Asabar 6 ga Janairu aka buɗe kaka. Har ranar babu wanda ya san wane wasa za a yi, duk duniya lokaci ɗaya ake kallon bidiyon a intanet, sai a sake musu littafin ƙa'idoji mai shafi sama da 100. Wasan shekarar Crescendo sunansa. Wasu zobba ne na soso masu ruwan lemo, faɗinsu inci 14, robot zai tsince su a ƙasa ya harba cikin wata taga da ke sama ko ya zura a wani rami na gefe, a ƙarshen wasa kuma ya kama sarƙa ya ɗaga kansa sama ya rataye. Robot uku ja, uku shuɗi, minti biyu da rabi. Daƙiƙa 15 na farko ba mai taɓa rimot, abin da yara suka rubuta a kwamfuta shi ke tuƙa shi, in sun yi kuskure a lissafi kowa na kallo zai je ya daki bango.

Daga nan fa gida ya canza. Da can sati shida cif ake bayarwa sannan a ƙulle robot a leda a sa masa hatimi, tun 2020 aka cire wannan dokar, amma gasa tana farawa ne ƙarshen Fabrairu zuwa Maris don haka kusan sati shida zuwa takwas ɗin ne dai. Kullum bayan an tashi makaranta suna can har 8 na dare, Asabar kuwa tun safe, ga sanyin Ohio na Janairu wanda ko hannu ba ka son fitarwa daga aljihu. Satin farko ba su taɓa ƙarfe ba ma, gardama kawai suke yi da zane a allo, sai gwaji da katako da kwali da tayoyi biyu da aka ɗaura wa injin huda don a ga ko zoben zai tashi. Ni da na saba a kawo aiki in auna in yanka, abin ya dame ni, na ce wa malaminsu lokaci fa na tafiya. Ya ce in bari su ɓata katako yanzu ya fi su ɓata alminiyam a sati na biyar. Gaskiyarsa ne, don maharbin da suka fara so su yi bai yi aiki ba sam, na uku ne ya zauna.

Abin da ya fi burge ni shi ne manyan da ke taimaka musu ba sa karɓe aikin. Akwai injiniyoyi biyu masu zuwa kyauta bayan sun tashi daga aiki da wata mata mai koya musu Java, yaren rubuta wa kwamfuta umarni, sai ni da na shiga daga baya, bayan an yi min binciken da ake yi wa duk babban da zai zauna da yara, wanda ni na ji daɗin hakan ƙwarai a matsayina na uban 'ya mace. Yaro zai ɗaure noti ba daidai ba kana gani, hannunka na ƙaiƙayi ka karɓi sifana, amma sai dai ka tambaye shi me yake gani zai faru in moto ya fara jijjiga. 'Yata wayarin aka ba ta. Yarinyar da ko soket ban taɓa ganin ta kula ba, sai ga ta tana min bayanin me ya sa kowane moto ke da nasa fis, tana bin waya ɗaya bayan ɗaya daga kwamfutar robot ɗin da ake kira roboRIO don gano inda sigina ya yanke. Ranar da ta gano wata waya da ta kwance a ciki bayan awa biyu ana nema, a mota tana ta ba ni labari har muka iso gida ba ta ja numfashi ba.

Yanzu inda tauraro ɗaya ya tafi. Na farko kuɗi. A 2024 rajistar gasa ɗaya kawai wajen dala 6,000 ce a ƙungiya, ban da kayan gyara, ban da bos da otal da abinci. Mu ba a ce kowane yaro ya kawo dubbai ba, kamfanonin gari ne ke tallafawa kuma yaran da kansu suke rubuta wasiƙu suna bi ofis ofis, amma duk da haka kuɗin tafiya da riga da ɗan wannan da wancan sun taɓa aljihuna. Kuma in ka je gasa za ka ga bambanci da idonka, wasu makarantun sun zo da tirela da injinan yanka na kwamfuta da tayoyin nan masu juyawa kowane ɓangare, robot na tafiya a kaikaice kamar ƙaguwa, namu kuwa taya shida ne irin na kayan farawa. Na biyu, wani shagon intanet da muka sayi giyar inji da bel a wurinsa ya riƙe mana kaya kwana 12 a tsakiyar aiki, yara suka zauna suna kallon rabin robot. Na uku karatu. A watan Fabrairu makin 'yata na lissafi ya sauka, sai da mamanta ta kafa doka cewa ba aikin gida ba ɗakin robot, kuma a ganina ƙungiyar ce ya kamata ta riƙa duba wannan tun kafin iyaye su yi magana. Sai abinci, kullum fiza, rabinsa da naman alade, sai da muka yi magana sannan aka fara ware na cuku zalla, daga baya maman ta fara kai musu dafa-duka ranar Asabar, tukunyar ba ta taɓa dawowa da saura ba.

Gasar da muka je a Maris ta faɗo cikin azumi. Kwana uku, kiɗa da ihu tun safe, kowace ƙungiya da ɗan shagonta ƙafa 10 a kan 10, ba mai shiga ba gilashin kare ido. 'Yata da wani yaro ɗan Somaliya suna azumi suna canza batir suna gudu, malaminsu da kansa ya nemo musu wani ɗaki shiru don sallah. A wasa na huɗu aka daki namu har hannun ɗaukar zobe ya lanƙwashe, muna tsaye cirko-cirko sai ga yara uku daga wata ƙungiya da za mu kara da su nan da awa ɗaya, sun zo da alminiyam ɗinsu da kayan aiki suka durƙusa suka gyara tare da namu. Na tambaya ko an tilasta musu ne aka ce a'a, tarbiyyar gasar ce haka tun daga marigayi Farfesa Woodie Flowers na jami'ar MIT wanda ya rasu a 2019, ka yi takara da ƙarfinka amma ka taimaki abokin karawarka ya fito fili da lafiyarsa. Na yi shekaru a bakin aiki inda wani ke ɓoye maka sifana don kar ka riga shi gamawa, to wannan ya taɓa ni sosai. Ba a zaɓe mu zuwa zagayen ƙarshe ba, Houston inda ake gasar duniya a Afrilu kuwa a waya muka kalla.

Na ɗauka shi ke nan an gama sai baɗi, ashe rabin aikin ne. Kyauta mafi daraja a gasar ma ba ta robot ba ce, Impact Award ake ce mata, da can Chairman's Award, kuma ana ba da ita ne kan abin da ƙungiya ta yi wa jama'ar garinta. Daga Afrilu har bazara suna ɗaukar robot a bayan motata muna kai shi laburare da makarantun firamare, suna rage masa gudu su miƙa wa yaro ɗan shekara 7 rimot. Sun kafa ƙungiyoyi biyu na FIRST LEGO League, wato shirin ƙananan yara masu haɗa robot da tubalan wasa na LEGO, a wata firamare da yawancin yaranta 'ya'yan baƙi ne irinmu, duk Laraba 'yan sakandaren ke zuwa koya musu. Da farko na yi zargin don kyautar ake yi, wataƙila ma akwai masu yi don ita, amma yaron firamare da aka zauna da shi awa guda ana nuna masa yadda zai sa motar LEGO ta bi layi, shi dai ya samu.

Wanda ba zan manta ba shi ne ranar da muka kai robot ɗin Islamiyyarmu ta Lahadi. 'Yata ce ta nemi izini wurin malam da kanta. Aka ture tabarmi gefe a filin ajiye motoci, yara sun fi 40, iyaye mata na tsaye daga baya. Yarinyar nan da in baƙo ya zo gida da ƙyar take ɗaga kai ta gaishe shi, ita ce a tsakiya da hijabinta da gilashin kariya tana bayani da Turanci tana juyawa da Hausa saboda wata Hajiya 'yar Damagaram da ta ce ita fa ba ta gane ba, wai ina mutumin da ke ciki. Ta kama hannun Hajiya ta ɗora a kan rimot, zobe ya tashi ya faɗa kwando, Hajiya ta saki salati kowa ya sa tafi. A ranar iyaye shida suka tambaye ni yadda ake shiga, huɗu daga ciki 'ya'ya mata gare su.

To ɗan uwa, kafin ka sa hannu je ka ga ɗakin aikin da idonka, ka tambayi nawa iyaye ke biya a shekara har da tafiya, ƙarfe nawa ake tashi, waye ke mayar da yaran gida, kuma yara ne ke riƙe da kayan aiki ko manya. In makarantarsu ba ta da babbar ƙungiyar, tambayi FIRST Tech Challenge, robot ɗinsu ƙarami ne kuma kuɗin bai kai haka ba. Sannan in kana da sana'ar hannu, walda ko kanikanci ko wayarin ko ma ɗinki don katifar robot ɗin ɗinka ta ake yi, ka ba da sunanka, suna nema ido rufe. Ni na riga na sake cike nawa fom ɗin, ƙanenta kuma yana cikin 'yan LEGO na ranar Laraba.