Sharhi kan ajin tsara kiɗan piyano a Surulere

A wani ƙaramin ɗakin koyar da kiɗa da ke Surulere a Legas, akwai aji na musamman domin waɗanda hannunsu ya riga ya faɗa a kan piyano, inda ake koyar da tsara jerin gajerun kiɗe-kiɗe a kan jigo guda na falsafa, kamar lokaci, mutuwa ko ƙaddara. Ni haƙuri na zaɓa, kuma a ganina ajin ya ci kuɗinsa, duk da cewa kuɗin ba na wasa ba ne.

Ƙarfin ajin yana wajen malamin, wanda ba ya barin ɗalibi ya fake da sunan kiɗa, domin a wurinsa dole ne kunne ya gane jigon ba tare da an sanar da shi ba. Yakan sa a fara da sautuka uku ko huɗu kacal, waɗanda za su riƙa dawowa cikin kowane kiɗa da sabuwar kama: a wani wuri an ja su a hankali, a wani an juya su, a wani kuma an mayar da su hannun hagu can ƙasa. A kiɗana na uku ya ɗora yatsa a kan takardar ya ce, "Malam, ka yi gaggawar sauke wannan sauti, bar shi a rataye." Da na jinkirta saukarsa zuwa kiɗan ƙarshe, sai jerin ya zama abu guda, mai sauraro yana ta dako.

Yana kafa hujja da aikin marigayi Akin Euba, haifaffen Legas a 1935, wanda ya yi fice wajen sarrafa piyano kamar ganga. Ya kuma nuna mini cewa baƙaƙen madannai 36 da ke cikin 88 na piyano suna tafiya ne a kan ma'aunin sauti biyar, wanda ya yi kusa da na waƙoƙinmu da dama. Sai dai ilimin malamin ya fi zurfi a kiɗan Yarbawa, saboda haka Bahaushen da ke son shigar da karin kalangu zai yi yawancin aikin da kansa. Aikin ma da wuya, tunda makaɗi yana lanƙwasa muryar kalangu ta hanyar matse tsarkiya a hammata, shi kuwa piyano kowane madanni sautinsa a kafe yake.

Piyanon katako guda ne a wurin, sauran na lantarki ne, kuma idan aka ɗauke wuta ƙarar janareta takan shanye duk sautin da aka kaɗa a hankali. Ana rubuta aikin gida da manhajar rubuta kiɗa ta MuseScore, wadda kyauta ce. Mai tasowa daga Agege zai fi samun sauƙi da ajin safiyar Asabar saboda cunkoson hanya, kuma a lokacin ne aka fi samun piyanon katakon babu kowa a kai.