Yawon yini ɗaya a Jidda bayan Umara: abin da na biya da abin da na samu

Kamfanin da ya shirya mana Umara daga nan Zariya yana sayar da wani ƙari daban da kuɗin tafiya: yawon yini ɗaya a Jidda kafin a wuce filin jirgi, da mota mai sanyi, da ɗan jagora, da abincin rana. Na biya mana ni da Inna. Masu niyyar tafiya a unguwarmu ta Tudun Wada suna ta tambayata ko kuɗin ya ci, shi ya sa na ga gara in rubuta. Ya ci, amma tsohon garin Jidda da jagoranmu ne suka fanshe shi. Yadda aka raba lokacin kam bai yi ba.

Daga Makka zuwa Jidda kimanin kilomita 80 ne, motar tana da tsafta, direban kuma ba ya gudu. Jagoran Bahaushe ne haifaffen Makka, Hausarsa da gardin Larabci, kuma ya san garin ciki da bai. Tun a hanya ya gaya mana cewa Sayyidina Usman ne ya mai da Jidda tashar jiragen ruwa ta Makka a shekara ta 26 bayan Hijira, ya ce da yawa daga cikin kakanninmu da suka ratsa Sudan a ƙasa, suka tsallaka Bahar Maliya daga Sawakin, a nan suka fara taka ƙasa mai tsarki. Inna ta ce kawunta haka ya yi, ya shekara bakwai kafin ya dawo gida. Daga nan hira ta ɓarke tsakaninsu, shi yana ce mata Hajiya Babba, ita tana ce masa ɗana.

Balad, wato tsohon gari, shi ne dalilin da zai sa in sake biya. Hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 2014. Gidajen dogaye ne, hawa uku, huɗu, wasu ma sun fi, an gina su da dutsen murjani da aka ciro daga teku, ana gitta katako tsakanin jerin duwatsun don ginin ya riƙe kansa. Tagogin katako ne da aka sassaƙa, sun turo waje bisa lungu, iska na shiga, na ciki yana ganin na waje, na waje ba ya ganin na ciki. Jagoran ya tsayar da mu a wani lungu ya ce mu ji yadda iskar teku ke bi ta ciki, kuma da gaske wurin ya fi titi sanyi nesa ba kusa ba. Mun tsaya a Gidan Nasif, inda Sarki Abdul'aziz ya sauka bayan ya karɓi garin a 1925. Matakalarsa mai faɗi ce, an yi ta yadda raƙumi zai hau da kaya. A ƙofar gidan akwai tsohuwar bishiyar darbejiya, irin wadda muke wucewa kullum a bakin titin Zariya ba mu ɗaga kai ba, can kuwa da ita ake kwatancen gidan.

Wani abu ya tsaya mini a rai. Jidda ta rushe ganuwarta a 1947 don gari ya faɗaɗa, amma yanzu gida-gida suke bi suna gyarawa, suna sa allon bayani. Mu ganuwar Zazzau tana nan, da su Ƙofar Doka da Ƙofar Kuyambana da Ƙofar Gayan, ga Masallacin Juma'a da Babban Gwani ya gina, amma damina na cin ganuwar, wasu na ɗibar ƙasarta, kuma baƙo zai zo ya tafi bai sami mai zagayawa da shi ya ba shi labari yadda wannan bawan Allah ya ba mu na garinsa ba. Abin ya dame ni sosai.

To, sai ga inda kamfanin ya gaza. Da rana tsaka aka kai mu Balad, lokacin da zafi da gumin bakin teku suka fi tsanani, shagunan Kasuwar Alawi da yawa kuma a rufe, don sai bayan la'asar take cika. Ba mu daɗe ba aka ce a koma mota. Daga nan aka sauke mu a wani katafaren kanti, muka kusan cinye yammacin a can, alhali kowa ya gama tsarabarsa tun a Madina da Makka. Inna ta nemi benci ta zauna, ta ce, "Ni dai teku na zo gani." Ba a tanadi keken guragu ko ɗaya ba, ga tsofaffi cike da mota. Abincin rana shinkafa da kaza ne a roba, a garin da kifi ke fitowa ɗanye daga ruwa kowace safiya.

Bakin tekun mun same shi dab da magariba. An gyara shi da wurin tafiya, da kujeru, da banɗaki mai tsafta, iyalai sun shimfiɗa darduma suna shan shayi. Ba wurin iyo ba ne inda muka tsaya, mai son shiga ruwa sai ya nausa arewa wajen Ubhur. Mun yi salla a Masallacin Rahma da aka kafa bisa ginshiƙai a cikin ruwa, kana sahu kana jin igiyar ruwa na dukan ƙasansa. Da dare muka ga maɓuɓɓugar ruwa ta Sarki Fahad, wadda ta fara aiki a 1985, tana cilla ruwan teku sama fiye da mita 260, fitilu na haska shi. Inna ta yi ta tasbihi, ta sa na ɗauka mata a waya don jikoki. Minti kaɗan aka ba mu saboda jirgi.

Da muka dawo na je ofishinsu na gaya musu a cire kantin, a fara da bakin teku da sassafe, a bar Balad zuwa bayan la'asar, a kuma riƙe wannan jagoran ko nawa zai ci. Sun ce za su duba. Wanda zai saya, ya nemi a rubuta masa jadawalin yinin kafin ya biya, in da tsoho a tare da shi kuma ya tambayi keken tun daga Zariya.