Akwatin sauya wuta na motar gida: wanne za ka saya idan naka ya ƙone?

Warin ƙonanniyar roba ne ya fara tashe ni. Muna kwance a wani sansanin matafiya a jihar Tekzas, na'urar sanyaya ɗaki tana ta aiki, sai wuta ta yi ƙyaf-ƙyaf ta ɗauke. Da gari ya waye na ɗaga katifa, na kwance murfin wani ɗan akwati da ke ƙarƙashin gado. Farar waya, wato nutural wadda wuta ke komawa ta cikinta, ta koma launin gasasshiyar masara, sukurun da ke riƙe da ita kuwa da yatsa biyu nake juya shi.

Duk wanda ya zauna a gida mai janareta ya san cenjoba, wannan maɗaurin da ake jan hannunsa idan NEPA ta kawo wuta. To motocin nan masu ɗaki da kicin da bayi, waɗanda Amurkawa ke yawo da su, irinsa ne a cikinsu, shi ne akwatin da na buɗe, sai dai shi da kansa yake aikin. Wutar sansani ce ke shiga mota a kullum, amma da zarar an tayar da janareta sai ya jira daƙiƙa 20 zuwa 30 injin ya daidaita, ka ji "kwas", ya koma kan janareta.

Kafin ka tambayi farashi, leƙa filogin motarka. Mai ƙafa uku na amfiya 30 ne, bolt 120, wato wat 3,600. Mai ƙafa huɗu na amfiya 50 ne, layi biyu ne a cikinsa, yana ɗaukar har wat 12,000. Akwatin amfiya 30 ba zai zauna a motar 50 ba ko an yi masa dabara, don ba shi da gurbin layi na biyu.

Mafi arha shi ne akwati zalla, irin su WFCO T-30 da T-57, ko PD52 na Progressive Dynamics. Sauyawa kawai ya sani, kuma ga mai tafiya sau uku ko huɗu a shekara ya wadatar. Aibinsa guda, wasu suna da naɗin waya mai aiki da wutar AC, wanda ke yin gunji ƙasa-ƙasa muddin yana riƙe da layi. Idan a ma'ajiyar kaya ta waje yake, ba ruwanka. Idan kuwa ƙarƙashin filonka yake kamar nawa, ƙara kuɗi ka nemi mai naɗin DC, shi shiru yake yi. Uwargida ce ta yanke wannan hukuncin, ni biya kawai na yi.

Sai mai tsada, wanda aka haɗa masa mai gadin wuta, irin na Surge Guard. Nan ne na fi daɗewa ina tunani. Wutar sansani ba duka ce lafiyayya ba: ranar zafi kowa ya kunna sanyi, ƙarfinta ya faɗi, kwamfiresa ta wahala. Mafi muni a motar amfiya 50 shi ne farar waya ta katse, domin a take wutar da ta doshi bolt 240 na iya afka wa kayan da aka yi don 120, talabijin da firji su tafi tare. Akwati mai gadi yana auna wutar kafin ya bar ta ta shiga, yana kuma yanke ta idan ta sauka ko ta haura ƙima. Amma ka ɗaure kaya biyu da igiya ɗaya ke nan: ranar da ɗaya ya mutu, duka za ka canza. Ni dai na zaɓi akwati zalla, na sayi mai gadi daban wanda ake maƙalawa a bakin sandar wuta.

Akwai kuma zaɓin da masu shago ba sa ambata: zama babu akwatin sam. Ƙananan motoci da yawa haka suke, ka zare filogi daga sandar sansani ka cusa shi a soket ɗin janareta. Wahalarsa fita cikin ruwan sama.

Ranar ɗaurawa, zare wayar sansani, kashe janareta har da abin da ke tayar da shi da kansa, kashe inbata, sannan ka gwada da mita. Ɗauki hoton wayoyin kafin ka kwance ko ɗaya. Duk wayar da ta yi baƙi, yanke ta har sai ka ga jan ƙarfe mai ƙyalli. Idan hannunka bai saba ba, kira mai wayarin.

Girgizar hanya ce ke sassauta sukurori, sako-sakon sukuru kuma shi ke haifar da zafi. Sau ɗaya a shekara buɗe murfin ka ƙara ɗaure su daidai ƙarfin da kamfanin ya rubuta. Kashe na'urar sanyi kafin ka tayar da janareta ko ka kashe shi, don sauyi da nauyi a kai yana cinye bakin ƙarfen da ke haɗuwa.

Wanda kuma ya shigo da irin wannan mota daga Amurka zuwa Kano ko Yamai, kada ya jona ta kai tsaye da wutar gari. Tamu bolt 220 zuwa 230 ce, akwatin da kayan cikin motar duka na 120 ne.