Argungu, Dukku, Gwandu ko Zuru: Ina Ya Dace a Kai Matasa Yawon Ƙafa a Kebbi?

Da zarar sanyi ya shigo aka ba da hutun zangon farko, sai ka ji iyaye da malaman makaranta suna neman abin da zai raba yara da waya ko na yini guda ne. Yawon ƙafa a bayan gari yana cikin mafi arha, kuma jihar Kebbi ba ta rasa wuraren yin sa ba. Kuɗin irin wannan tafiya yakan tafi ne a shatar mota, da sallamar ɗan jagora, da ruwa, da takalmi, kuma wurin da aka zaɓa shi ke yanke nawa kowanne zai ci. Kafin kyan wuri ya ruɗe ni, nakan fara tambayar ko za a iya fita bayan asuba a dawo gida kafin la'asar ta yi sanyi, da kuma nisan da ke tsakanin hanyar ƙafar da kwalta idan wani yaro ya gurɗe. Wurin da ya faɗi a wannan gwaji, komai kyansa, bai dace da 'yan shekara 13 zuwa 17 ba.

Fadamar Argungu ce zaɓina na farko ga wanda zai taso daga Birnin Kebbi. Kimanin kilomita 50 ne a kan kwalta, ke nan shatar bas ba za ta yi ciwo ba, kuma ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce, babu hawa babu gangara. Ana iya farawa da Gidan Tarihin Kanta a cikin gari. Ginin kansa tun 1831 yake, ya zama fadar sarakunan Kabi har zuwa 1942, aka mayar da shi gidan tarihi a 1958. Yaro ya ga sulke da masu da tambura da idonsa, sannan a gangara da ƙafa zuwa Matan Fada, inda ake bikin kamun kifin da aka faro a 1934, wanda UNESCO ta sa cikin jerin al'adun duniya a 2016. Ranar da ba ta biki ba wurin shiru yake, domin an hana kamun kifi a wannan yanki sai lokacin biki, kuma Sarkin Ruwa da mutanensa ba sa wasa da dokar. Kada wani yaro ya ɓoyo ƙugiya a aljihu.

Daga nan sai a bi kunyoyin gonakin shinkafa. Daga Disamba zuwa Fabrairu manoman rani na cikin aiki: injin ban ruwa na ta ƙugi, ana cire iri daga bedi ana dashe, balbela na bin bayan masu kaftu. Itatuwan gawo a lokacin suke cike da ganye, domin shi gawo da damina yake kaɗewa, saboda haka ba za a rasa inuwar zama a ci abinci ba. Yaron da ya tashi yana ganin shinkafa a buhu kawai zai tsaya ya yi tambaya, manomi kuma in an yi masa sallama yadda ya kamata ba ya rowar bayani. Kilomita 6 zuwa 8 ta isa. Ayarin yara ba ya wuce kilomita 3 a awa idan aka haɗa da tsaye-tsaye da ɗaukar hoto.

Aibin fadama shi ne ruwanta. Yara na ganin gulbi za su fara tuɓe takalma, a nan ne babba zai ɗaure fuska. Ruwan da ke kwance ko mai tafiya a hankali yana ɗauke da ƙananan dodon koɗi masu yaɗa tsargiya. Ƙwayar cutar ta fata take shiga, ba sai an sha ba, kuma sai bayan makonni yaro ya fara fitsari da jini, lokacin kowa ya manta da tafiyar. Akwai magani a asibiti, amma me ya kai ka? Ga kuma ramuka a ƙasan gulbi waɗanda masunta kaɗai suka san inda suke. Sannan a tsaya ɓangaren gari, kada a miƙa arewa. Ƙaramar hukumar Augie maƙwabciya ce, kuma a garin Mera da ke cikinta ne 'yan bindigar Lakurawa suka kai hari a Nuwamban 2024. Daga Agusta zuwa farkon Oktoba kuwa maganar fadama ba ta taso ba, ruwa ya shafe hanyoyin.

Wanda aljihunsa bai kai shatar mota ba, gefen Dukku a nan Birnin Kebbi ya ishe shi. Garin a kan tudu yake zaune yana kallon fadamar gulbin Rima, kuma ta wajen Dukku akwai jajayen tuddai na marmara da tsakuwa waɗanda in ka hau za ka hango shimfiɗar fadama da hanyar da ta nufi Makera. Keke Napep biyu ko uku sun kai ayari, wasu unguwannin ma da ƙafa za su taso. Hawan ba shi da tsawo, amma tsakuwar marmara na zamewa ƙarƙashin ƙafa, musamman wajen saukowa, inda samari ke son yin tsere. Inuwa kaɗan ce, saboda haka ƙarfe 10 na safe ta yi muku a ƙasa. A tuna akwai barikin soja a yankin: ba a kusantar shingensa, ba a ɗaga waya ta wajensa. Ga 'yan shekara 13 da 14 da ba su taɓa doguwar tafiya ba, nan ne wurin gwaji kafin a kashe kuɗi a kai su nesa.

Gwandu ta fi dacewa da ɗaliban Islamiyya da 'yan ajin tarihi. A can hubbaren Malam Abdullahi ɗan Fodiyo yake, ƙanen Shehu Usmanu, wanda ya riƙe yammacin daular. Baturen Jamus mai yawon bincike, Heinrich Barth, ya sauka a garin a 1853. Tafiyar ƙafar ta zagayen gari ce da lambunan bakinsa, ba ta da wahala, kuma ba ka rabuwa da mutane, wanda a wannan zamani ba ƙaramin abu ba ne. Amma in samari ne masu neman abin da zai sa su haki, za su ce maka ziyara aka kawo su. Hubbare kuma wurin natsuwa ne, a gaya musu tun a mota.

Akwai masu kawo maganar Surame, tsohon birnin da Muhammadu Kanta ya gina a ƙarni na 16, mai ganuwar duwatsu, wanda aka bari a farkon ƙarni na 18. Wuri ne da ya cancanci kowane ɗan Kabi ya gani. Sai dai yau yana cikin jihar Sakkwato ne, wajen Binji, kufai ne a daji nesa da kwalta, kuma yankin ya sha fama da 'yan bindiga. Ba na ba da shawarar kai ɗan kowa can yanzu.

Haka nake faɗa game da Zuru, da nauyin zuciya, domin in duwatsu ake nema na gaske, ƙasar Zuru ce ke da su a jihar nan. Arewacin Kebbi marmara ne da yashi, kudanci kuwa manyan duwatsu ne da kurmi, ga bikin Uhola na Dakarkari, ga kadojin da ke wurin bautar gargajiya na Girmace. Amma tafiyar sa'o'i ce daga Birnin Kebbi, dole a kwana, kuɗin mota da masauki su ninka. Abin da ya fi kuɗin nauyi kuwa kowa ya sani. A Yunin 2021 aka kwashe ɗalibai a Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yauri, a Nuwamban 2025 kuma aka shiga makarantar 'yan mata ta Maga a Danko-Wasagu. Ayarin yara cikin kaya iri ɗaya a bayan gari abu ne da ake hangowa daga nesa. Mazauna Zuru da kansu sun san dutsen da ke jikin gari da wanda ba a zuwa, su suna iya fita da 'ya'yansu. Baƙo ya haƙura tukuna. Yauri ma, in an je, a tsaya bakin kogin Neja a yi kallo. Duk wanda ya tuna jirgin ruwan da ya nutse kusa da Warrah a Mayun 2021 ba zai loda yara a kwalekwale ba tare da rigar kariya ba.

Ko ina aka zaɓa, kuɗin da bai kamata a yi wa ƙwauro ba shi ne na ɗan jagora. Da ɗan gari akan ci gari. Mako guda kafin tafiya babba ɗaya ya je da kansa ya gaida mai unguwa ko hakimi: "Ranka ya daɗe, yaranmu ne muke son kawowa su ga gari, muna neman izini da wanda zai shige mana gaba." Wanda aka haɗa ka da shi ta wannan hanya ya fi saurayin da ya tare ka a tasha yana cewa ya san ko'ina, domin na farkon akwai wanda zai tuhume shi in wani abu ya faru. Shi ne kuma zai amsa idan wani dattijo ya ɗago daga gona ya ce, "Ɗiyan wa na? Mi kuka zo nema?" A sanar da ofishin 'yan sanda na yankin, a karɓi amincewar iyaye a rubuce. Idan da 'yan mata a tafiyar, a tafi da malama ko uwa, ba don hanya kaɗai ba, akwai larurar da yarinya ba za ta faɗa wa malam ba. Babba ɗaya ga yara 6 ko 7, ɗaya a gaba, ɗaya a can baya tare da mai jan ƙafa.

Sai takalmi, inda iyaye suka fi yin asara. Silifas ya fita daga lissafi: tsidau na huda shi har tafin ƙafa, a laka kuma maɗaurinsa ke tsinkewa. Takalmin roba rufaffe irin na makiyaya yana da arha, ƙaya ba ta ratsa shi, laka ba ta dame shi ba, sai dai yana tara gumi, in ba safa mai kauri zai yi wa yaro bororo a dunduniya. Sabon kambas mai ƙyalli na kasuwa sau da yawa gam ne kawai ya riƙe tafinsa, tsakuwar Dukku na iya ɓare shi a fita ɗaya. Ni na fi yarda da kambas na gwanjo mai kaurin ƙasa. Ka lanƙwasa shi a hannu ka ga ko tafin na buɗe baki, ka duba zanen ƙasan bai sude ba, yaro ya gwada da safar da zai sa, a bar sararin yatsa ɗaya a gaba. In tafin ya fara saki, mai gyaran takalmi zai zagaye shi da ɗinki a kuɗi kaɗan. Kowanne aka saya, a sa shi kwana uku ko huɗu a gida tukuna. Takalmin makaranta ma da ƙafa ta saba da shi ya fi sabo fil da aka ciro daga leda ranar tafiya.

Dogon wando ya fi gajere saboda ƙarangiya, wadda bayan damina take manne wa safa da bakin hijabi har sai an zauna ana cira ɗaya bayan ɗaya. 'Yan mata su sa wando a ciki da hijabin da bai ja ƙasa ba. Malafa ta kaba ta fi hular kwano rufe wuya.

Ruwa kuwa lissafinsa a fili yake. Ledar fiya wata rabin lita ce, kowane yaro na buƙatar kamar 4 a tafiyar awa uku zuwa huɗu, jaka ɗaya mai leda 20 ta yara biyar ce ke nan. Gorar da za a rataya ta fi sauƙin ɗauka, kuma ba a bar wa manomi shara a gona. Da hunturu ƙishi ba ya damun mutum alhali jiki na bushewa, sai an riƙa tuna musu su sha. A jakar babba a sa garin ruwan gishiri da sukari, bandeji, filasta da man shafawa na leɓe. A tambayi iyaye tun farko ko akwai mai asma ko sikila, domin hazo na tayar da ta farko, sanyi da ƙarancin ruwa a jiki na tayar da ta biyu. Kada yaro ya zura hannu a ramin dutse ko tarin bambaron shinkafa, nan kububuwa da kunama ke fakewa. In tsautsayi ya sa maciji ya yi sara, ba tsagawa, ba tsotsa, ba ɗaure wuri tamau. A hana shi tafiya, a ɗauke shi zuwa mota, sai asibiti.

Wannan ne ma ya sa cinikin mota ke da muhimmanci. Shiga motar haya ta tasha ya fi arha, amma in kun sauka ta tafi abinta. Shata ta fi tsada, sai dai motar na nan tana jiran ku. A yi ciniki a ofishin 'yan ƙungiya na tasha, zuwa da dawowa har da jira, a ba da rabi a riƙe rabi sai an dawo, kuma a faɗa wa direba tun wuri cewa ba zai je ya yi lodi ɗaya "kafin ku gama" ba. A duba safaya da jak kafin yara su shiga. Daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ko motar kyauta aka ba ku a ɗage tafiyar zuwa Nuwamba.