Sulken soso da matar da ta ƙi karɓar kuɗina

Shekarata goma sha ɗaya ina ɗinki a Aboabo, nan Kumasi, ban taɓa shiga kasuwa da kuɗi a aljihu mai kaya ya hana ni kashe su ba sai watan jiya. Abin ya tsaya mini a rai, shi ya sa na ce bari in rubuto muku. Amma kafin mu kai ga matar, sai kun ji kunyar da na fara sha.

'Yata ta biyu tana karatun zane da ƙere-ƙere a jami'ar nan da kowa ke kira Tech. Wannan zangon aka raba su huɗu-huɗu, aka ce kowane rukuni ya ƙera kayan yaƙin wani jarumi irin na tatsuniya, wanda mutum zai saka ya yi tafiya a ciki, ya zauna, ya ɗaga hannu bai ɓalle ba. Mako shida aka ba su. Su nasu mace suka zaɓa, wata mayaƙiya da suka ƙago, rabinta Amina ta Zazzau, rabinta Yaa Asantewaa wadda ta ja Asante yaƙi da Turawa a 1900. Za a yi mata kwalkwali, da sulken ƙirji, da na kafaɗu, da na ƙwauri, da garkuwa. Na ce da wane ƙarfen? Ta ce, "Baba, da soso za mu yi."

Ni kuwa soso ɗaya na sani. Ban tambayi kowa ba, don ina so in burge ta. Washegari na je wurin masu katifa na sayi ƙaton yanki, na cusa shi a pragya, wato A Daidaita Sahun nan garin, rabinsa a waje yana kaɗawa, na shigo gida da shi a ka. Ashe abokan aikinta uku suna zaune a tsakar gida da takardunsu. Wani yaro ɗan Asante a cikinsu, mai ladabi ƙwarai, ya miƙe ya taya ni saukewa, na ga yana cije leɓe har idonsa ya kawo ruwa. 'Yata ta dubi soson, ta dube ni, ta ce a hankali, "Sannu Baba. Amma wannan ai na kwanciya ne." Uwarta da ke bakin murhu ba ta ma tausaya mini ba. Yanzu haka ƙannenta ke barci a kansa.

Soson da suke nufi shi ne wanda ake yanka ƙasan silifas da shi, kuma shi ne tabarmar nan mai haƙora da ake harhaɗawa a ɗakin yara. EVA ake ce masa. Ba ya shan ruwa kamar na katifa, ba shi da nauyi, kuma in ya ji zafi yana lanƙwasa, in ya huce ya tsaya a yadda aka bar shi. Falle-falle ake sayar da shi, kauri daban-daban. Da yake Kumasi garin masu takalma ne, ba sai an yi odarsa daga waje ba, yana nan jibge a layin masu kayan takalma ta wajen kasuwar Kejetia.

Ran Talata muka tafi ni da ita. Asabar ba ranar neman abu ba ce a garin nan, rabin mutane suna wurin makoki da baƙaƙe da jajayen zannuwa, Lahadi kuma kantuna a garƙame. Har yau wannan na ci mini tuwo a ƙwarya. Ga cunkoson da sai ka riƙe hularka, ga masu dakon kaya suna bangaje ka da kwano suna cewa "agoo" bayan sun riga sun buge ka. Muka tsaya a rumfar wata dattijuwa 'yar Asante, faifan soso a tsaitsaye bayanta, baƙi da fari da ja. Don in wanke kunyar shekaranjiya, na nuna mafi kauri na ce a ba ni falle takwas.

Ba ta motsa ba. Ta dube ni ta saman tabarau ta ce, da Hausar zango wadda ba ta raba mace da namiji, "Alhaji, me yarinya zai yi da shi?" Ban taɓa zuwa Makka ba, amma a nan duk mai hula da gemu Alhaji ne. 'Yata ta buɗe littafinta ta nuna mata zanen. Dattijuwar ta karɓa ta daɗe tana kallo, har wani mai saye ya gaji ya wuce. Sannan ta ce ba za ta sayar mana da takwas ba. Wai mai milimita 10 da na nuna na ƙirji da garkuwa ne kawai, in aka yi kwalkwali da shi ba zai lanƙwasu da kyau ba, kuma mai sakawa zai dahu a ciki. Kwalkwali da kafaɗu mai 5 suke so, ado da gefe-gefe kuma mai 2. Ta tambaya ko sun fitar da awon a kwali. Aka ce tukuna. Ta ce to ta yaya muka san takwas ne? Ta sunkuya ƙarƙashin tebur ta tattaro ragowar yanka na kauri ukun, ta zuba mana a leda kyauta, ta ce mu je mu gwada wuƙa da gam a kansu, in kwali ya faɗa mana adadi mu dawo.

Na tsaya riƙe da kuɗi kamar wanda aka aika ya mance saƙo.

Ba ta bar mu haka ba. Ta ƙwala wa wani mai haɗa takalma kira daga rumfar da ke kallonta, ta yi masa magana da Twi, yaren Asante. Ya karɓi guntu ɗaya, ya riƙe shi sama da garwashin da mai shayi ke ɗora tukunya, yana jujjuya shi kamar mai gasa gurasa, nesa kaɗan don kada ya ƙone. Da fuskar soson ta fara sheƙi sai ya kifa shi a kan gwiwarsa, ya danne da tafin hannu biyu, yana ta hirarsa da maƙwabci. Ko minti guda ba a yi ba ya ɗaga. Abin ya fito a ƙwarye, sak kan kafaɗar mutum, kuma bai koma ba. 'Yata ta ɗora a kafaɗarta tana dariya. Ya kuma gargaɗe ta kan gam, irin ruwan ɗorawar nan mai hawa kai da masu gyaran takalma ke shafawa: a shafa siriri a fuskoki biyu, a jira har ya daina bin yatsa, sannan a haɗa, kuma a haɗa daidai tun farko don ba a sake ɓamɓarewa. A yi shi a waje inda iska ke kaɗawa, nesa da wuta. Na ciro sidi biyar zan ba shi, ya ce in saya wa "madam artist" reza, don soson nan yana dakusar da wuƙa fiye da fata.

Duk hanyar gida ina cikin trotro, wato motar haya, ina tuna kasuwar Ƙofar Wambai ta can gida Kano. Ku gaya mini gaskiya, in ka shiga da kuɗin falle takwas, wa zai ce maka ka koma gida ka auna tukuna? Mu ai kalmar "babu" haramun ce a bakin ɗan kasuwa. In ba shi da abin, sai ya ce akwai, ya zaunar da kai, ya tura yaro da gudu, a kawo maka wani abu daban a ce shi ne, kamfani ne ya canja kwali. In ka yi gardama a rantse maka da abin da ya fi ƙarfin cinikin naira dubu biyu. In ka kai gida ka ga ba shi ba ne, ka dawo, sai a nuna maka ƙasan rasiɗi inda aka rubuta kayan da aka saya ba a mayarwa, da fara'a kuwa, har a tambaye ka ya iyali. Ni ma ba na cire kaina. Sau nawa na ce wa wanda ya kawo ɗinki yadi biyar bai isa ba alhali na san huɗu da rabi zai yi?

Kada ku ce na zama ɗan Asante. Matar nan ko benci ba ta ba ni ba, balle ruwa. Gaisuwa kalma biyu aka yi ta ƙare. Da muka koma saye na nemi ragi, ta faɗi farashi sau ɗaya ta juya tana cin ampesinta, wato dafaffiyar doya ko ayaba, kamar ba da mutum take magana ba. Wallahi na yi kewar cinikin gida, inda za a ce albarka, ka tashi, a kira ka, ka dawo, a tashi an zama abokai har a ba ka bashi ba takarda. Kuma kaya a nan da tsada, musamman fenti da burushi. Ga lissafinsu mai rikita baƙo, tun 2007 aka yanke sifili huɗu daga kuɗin ƙasar, amma har gobe tsofaffin kasuwa sidi ɗari "miliyan ɗaya" suke ce masa. Sai ka ji an ce soson silifas miliyan kaza, gabanka ya faɗi.

Kwali dai ya faɗi gaskiya. Yaran suka naɗe yarinyar da za ta saka kayan da ledar naɗe abinci, suka bi da salatif na takarda har ta zama kamar gunki, suka zana layukan sulken a jikinta, suka tsaga da almakashi suka shimfiɗa. A nan ne na farfaɗo da mutuncina, don fitar da awo sana'ata ce. Na nuna musu inda za a tsaga ƙaramin baki don abin da ke shimfiɗe ya yi tudu, da yadda ake barin sarari a hammata, da cewa soso mai kauri yana cin awo in ya zagaye jiki, sai an ƙara. Aka jera kwalayen a ƙasa aka ƙirga: falle huɗu, ba takwas ba. Cikin huɗun ma ɗaya muka yi kuskuren kauri. Na mayar mata bayan kwana tara, ban sa rai ba. Ta jujjuya shi ta ga ba a taɓa ba, ta canja mana, ta turo cikon kuɗin ta MoMo, wato ta waya, kafin in kai bakin titi.

Abin da ya fi cin raina ma ba cinikin ba ne. Daga ita har mai takalman, ba wanda ya yi wa yarinyar kallon mai wasan yara. Malaminsu ma bai bari sun taɓa wuƙa ba sai da suka kawo tsari a rubuce: mako na farko zane da awo, na biyu da na uku yanka da mannawa, na huɗu gurza da shafe soson da farin gam na kafintoci har sau uku don kada ya shanye fenti, na biyar fenti, na shida a bar shi don abin da zai lalace. Ya tura su gidan tarihi na Manhyia, fadar sarkin Asante, su kalli kayan zinariyar da aka dawo da su daga Ingila a 2024, cikinsu har da waɗanda sojan Turawa suka kwasa a 1874. Ya ce su nazarci batakari kese, rigar yaƙin Asantehene, wato sarkin Asante, da aka lulluɓe da layu. Layun nan kuwa malaman Musulmi ne suka rubuta su. Da 'yata ta gaya mini sai na ji wani iri. Mu ne fa masu sulke na gaske. Tarihin Kano ya ce Sarki Kanajeji, wanda ya yi mulki daga 1390 zuwa 1410, shi ya fara kawo lifidi da sulke da kwalkwali. Har yau 'yan lifida da 'yan sulke suna fitowa a Hawan Daushe. Muna da dukawa, muna da maƙera, muna da sashen zane a jami'ar Zariya wanda sunansa ya kai ko'ina. Amma yaro ya ce wa ubansa zane zai karanta, sai a tara masa kawunnai a yi masa nasiha. Ni kaina da ta zaɓi wannan fanni sai da na yi kwana uku ban yi mata magana sosai ba, ina so ta yi aikin jinya.

Yanzu muna mako na biyar. Damshin garin nan ya hana fenti bushewa. Abin da rana ɗaya ta Kano za ta ƙafar kafin azahar, nan kwana biyu yana danƙo, ga ruwa kusan kullum da yamma, sai a kwashi sulke a ruga ɗaki. Sun shafa baƙi a ƙasa, suka bi gefuna da ruwan azurfa da busasshen burushi, har maƙwabcinmu ya ƙwanƙwasa garkuwar da yatsa don bai yarda ba ƙarfe ba ce. Ni na ɗinka maɗaurai da shafin ciki, na kuma yi musu 'yar rigar lifidi da auduga, layi-layi, yadda na tuna ta tun ina yaro a bakin Ƙofar Kudu.

Kwalkwalin ne ya tsaya mana. Duk hoton 'yan lifida da muka samu a intanet daga gaba aka ɗauke shi, ba mu san yadda ƙeyar take ba, ko yadda ake soke gashin jiminar a sama. In akwai mai ɗan'uwa cikin masu hawa, don Allah a kifa kwalkwali a ɗauko mana bayansa da cikinsa, a ajiye akwatin ashana a gefe don mu gane girmansa. Kwana goma ya rage su miƙa aikin.