Gyaran ƙaramin kare: a gida ko wurin ƙwararre?

Irin gashin karen ne ke raba gardama. Mai gajeren gashi kamar Chihuahua, gida ya wadatar: buroshi sau ɗaya a mako, wanka da sabulun karnuka, a ɗauraye sosai don ragowar kumfa na sa ƙaiƙayi.

Masu gashin da ba ya daina tsawo, irin Shih Tzu da Poodle, gara a kai su wurin ƙwararre duk mako 4 zuwa 8. Yana da injin aski, ya kuma iya aske gashin da ya cukurkuɗe. A gida nan ake ɓarna: mutum ya zura almakashi ƙarƙashin ƙullin gashi a bayan kunne, ya haɗa da fata. Kada a jiƙa gashi kafin a taje shi, ruwa ƙara ɗaure ƙullin yake yi.

Farce ana iya rage shi a gida, amma kaɗan-kaɗan. Akwai jijiya a ciki, a baƙin farce ba a ganinta, da an taɓa ta sai jini.

Kayan gida sau ɗaya ake saya, kuɗin ƙwararre kuwa kullum aka je sai an biya, kuma bai ɗauke maka tazar yau da kullum ba.