Riƙe Aikin Albashi ko Ajiye Shi Domin Sabon Kamfani a Jidda

Bahaushen da ke son kafa kamfani a Jidda yana da zaɓi biyu. Idan ya riƙe aikin albashinsa, wanda a ganina ya fi dacewa da mai iyali, dokar ƙwadago ta Saudiyya ta taƙaita aikin zuwa awa 48 a mako, 36 a Ramadan, sai dai sabon kamfanin zai cinye masa bayan Isha'i da ranakun Juma'a da Asabar, lokutan da yara da 'yan'uwa ke jiransa. Idan kuwa ya ajiye aikin, yana iya kai yara makaranta da kansa, amma mai gida zai nemi kuɗin haya ko an yi ciniki ko ba a yi ba.